Tantin Gwanjo Mai Rufi Biyu: Ya Ci Kuɗinsa Ko Bai Ci Ba?

Kayan kwanan daji ba su da layinsu a kasuwannin Zariya yadda atamfa da kayan miya suke da nasu. Mai neman tanti, ɗalibin Samaru ne da zai fita nazarin duwatsu, ko shugaban 'yan sikawut, ko magidancin da ke son iyalinsa su ɗanɗana sanyin Mambila, iri uku yakan ci karo da su. Akwai sabo ɗan Sin mai rufi ɗaya da ake tallarsa a Jiji da Facebook, wanda ake cilla shi sama ya buɗe da kansa. Akwai na tamfol, ɗinkin telolin rumfar biki. Sai kuma na gwanjo, mai fitowa jefi-jefi idan an fasa dilar jakunkunan goyo da barguna, ko a Sabon Gari, ko a Kasuwar Barci ta Kaduna, ko a Ƙofar Wambai ta Kano. A kan wannan na ukun za mu yi magana, musamman mai siffar ƙoƙo a kife, mai sanduna biyu da suka gitta juna, mai rufi biyu, wanda aka rubuta wa mutum 3 ko mutum 4 a jikin jaka. Sunayen da aka fi gani su ne Coleman na Amurka, Quechua na Faransa da Vango na Birtaniya.

A faɗi hukunci tun da wuri. Cikin ukun nan, shi kaɗai ne tantin da za a kwana da shi a bakin tafki ko a kan tsauni a tashi a bushe. Sai dai a kowace dila masu lafiya ba su kai marasa lafiya yawa ba, kuma ciwon nasu ba ya nunawa idan suna naɗe. Wanda ya biya kuɗi bai kafa ba, cinikin biri a sama ya yi.

Rufi biyun nan su ne kan magana. Na ciki ɗaki ne na yadi mai shan iska da raga, an ɗinke shi da gindinsa na leda mai kauri. Na waje mayafi ne na foliyesta da aka shafa wa roba ta ciki, yana sauka har kusa da ƙasa, kuma tsakaninsa da na ciki akwai rata kamar yatsa huɗu. Mutane suna zaton amfanin mayafin tare ruwan sama ne kawai. Babban aikinsa a ƙasarmu, inda yawancin masu fita da rani suke fita, shi ne maganin naso. Mutum ɗaya yakan fitar da ruwan da ya kai kofi guda a dare ta numfashi da gumi. Idan asuba ta yi, yadin tanti ya yi sanyi, wannan tururin sai ya taru a jikinsa ta ciki kamar yadda yake taruwa a murfin tukunya. A mai rufi ɗaya, a kan fuskarka da bargonka zai ɗiga, ka tashi kana rantsuwa an yi ruwa alhali sama tas take. A mai rufi biyu, tururin yana ratsa yadin ciki ya taru a jikin mayafi, ya gangara ƙasa ta waje da ɗakin. A bakin ruwa abin ya fi tsanani, domin iskar wurin da ma cike take da laima, kuma iska mai sanyi kwari take bi ta kwanta da dare.

Wannan ya sa wurin da za ka je shi zai gaya maka ko kana buƙatarsa. Zariya tana kan tudun da ya haura mita 600 daga teku. Jos ta kai mita 1,200, duwatsun Shere da ke gefenta sun zarce 1,800, tsaunin Mambila kuwa yawancinsa kusan 1,600 ne. Chappal Waddi, ƙololuwar da ta fi kowace tsayi a Najeriya, a kan iyakar Kamaru cikin gandun dajin Gashaka-Gumti, mita 2,419 ce. Duk hawan mita 1,000 zafi yakan ragu da kusan digiri 6 da rabi. Ke nan daren da Zariya ke digiri 14 a cikin hunturu, kada ka yi mamakin samun 8 a Mambila, a can ƙololuwa kuma abin ya faɗo ƙasa da 5. Mai kwana ɗaya a gindin dutsen Kufena na Zariya a watan Maris gidan sauro da tabarma sun ishe shi, sayen tanti ɓarnar kuɗi ce a gare shi. Mai nufin bakin dam ɗin Lamingo na Jos, ko tafkin Pidong da ke cikin ramin tsohon dutse mai aman wuta a ƙasar Mangu, ko kogunan Gashaka, shi ne mai wannan sharhi.

A jikin jaka ko a wata 'yar takarda da aka ɗinke ta ciki za ka ga lamba da milimita: 1,500, 2,000, 3,000. Ga ma'anarta. Ana ɗaure yadin a gindin bututu a tsaye, a yi ta zuba ruwa har ya fara tsattsafowa ta ƙasa. Tsayin ruwan a lokacin shi ne lambar. Mayafi mai 1,500 zai riƙe ruwan sama na yau da kullum, mai 3,000 ya fi dacewa da irin ruwan Taraba. Gindi yana son fin haka, domin gwiwar mai durƙuso tana matsa jiƙaƙƙiyar ƙasa da ƙarfin da ɗigon ruwa ba ya yi. Amma lambar ranar da aka ƙera shi take nufi. Tantin da ya yi shekaru a hannun Bature, ya yi watanni a kwantena a kan teku, ya zo ya kwanta a shagon kwano a zafin Afrilu, hancinka da tafin hannunka sun fi takardar gaskiya.

Yadda ake duba shi kafin a biya

Ka nemi izini da ladabi amma kada ka sassauta: "Alhaji, a yi mini afuwa in kafa shi a nan gaban shago, in ya yi ba za mu ja ciniki ba." Mai kaya mai kyau ba ya ƙin wannan. In aka ce maka ai na Turai ne, ko ruwan Agusta ba ya ratsa shi, ka ce to madalla, ka ci gaba da kwance jaka.

Fara da hanci. Cusa fuska cikin mayafin. Ƙanshin leda ko na ajiya ba laifi. Warin tsami irin na tumbuɗin jariri kuwa alama ce robar da aka shafa ta fara ruɓewa, domin zafi da laima suna cin ta a hankali. Shafa tafin hannu ta ciki: idan yana danƙo, ko yadin ya manne da juna har sai an ɓamɓare, ko wani farin gari kamar amosani ya biyo hannunka, mayar da shi jaka ka yi sallama. Wannan ciwon ba shi da magani mai araha, wanki ma ƙara shi yake yi. Baƙaƙen ɗigo-ɗigo fumfuna ce, daga naɗe shi da aka yi yana jiƙe; kaɗan a gefe ana iya haƙuri da ita, amma tabon ba ya fita.

Sai layin ɗinki. Kowace allura rami ta bari, shi ya sa masana'anta ke manna wani siririn tef mai haske a kan ɗinkin ta ciki. Bi shi da farce daga ƙololuwa zuwa kusurwa huɗu. Idan ya yi fari-fari yana tashi kamar saɓar maciji, ta nan ruwa zai shigo. Wannan kam yana gyaruwa, saboda haka dalilin rage kuɗi ne, ba na fasa ciniki ba. Ɗaga mayafin ka kalli rana ta cikinsa, duk wata huda za ta nuna kanta kamar tauraro. Daga nan ka karɓi aron buta, wani ya riƙe yadin kamar ƙwarya, a zuba ruwa a kan mahaɗar ɗinki a bar shi minti biyu. Ka kuma ja yadin ƙololuwa da yatsu biyu. Wanda rana ta ƙona yakan kodɗe, ya yi ƙarar takarda, ya yage ba tare da wani ƙarfi ba.

Sanduna su ne inda aka fi cutar mai saye, ba lallai da gangan ba, sau da yawa mai shagon ma bai san sun cika ko ba su cika ba. Yawanci na faiba ne, wato roba mai tauri da aka haɗa da zaren gilashi, gaɓa-gaɓa, da robar lastik a ciki tana haɗa su, kaurinsu milimita 7.9 ko 8.5, a manya 9.5. Miƙe dogayen biyun a ƙasa: dole tsawonsu ya zo ɗaya, yawan gaɓoɓinsu ma ɗaya. Duba bakin kowace gaɓa inda take shiga hular ƙarfe, a nan take fara tsagewa a tsaye kamar rake. Kada ka bi ta da yatsa, tsinken faiba ya fi ƙaya wuyar fita. In ka yi sa'a ka samu mai sandunan alminiyom, ka ƙara kuɗi ba tare da dogon ciniki ba: sun fi sauƙin ɗauka, kuma lanƙwashewa suke yi a inda faiba ke fashewa. Lastik da ya saki ba komai ba ne.

Zif a ja shi sau uku, sama da ƙasa, bayan an kafa tantin yadi ya miƙe, domin zif ɗin da ke tafiya lafiya a sake yakan buɗe baki idan an ja shi. Idan haƙora suna rabuwa a bayan kan zif, kan ne ya gaji, gyaran minti biyar ne. Idan haƙori ya fita ko ya murɗe, sai an sauya zif ɗin gaba ɗaya, kuma zif ɗin ƙofa ya kan kai mita biyu. Raga a dube ta daga ciki. Hudar da ɗan yatsa zai shiga ta ishi sauro ya kwana da kai.

Farashi yana bin dala da sa'ar dila, don haka abin riƙewa shi ne ma'aunin ragi. A ganina, wanda ya rasa sanda guda bai wuce rabin kuɗi ba, tunda samun irinta sai an tona. Wanda ya rasa mayafi gidan sauro ne, a saye shi a kuɗin gidan sauro. Wanda ya rasa turaku bai rasa komai ba, za ka ji dalili.

Maganar "mutum 4" kuma a ɗauke ta kamar maganar kwandastan bas da ke cewa saura wurin mutum ɗaya. Ana lissafa wa kowane mutum faɗin santimita 60 ko ƙasa da haka, kafaɗa na gugar kafaɗa, babu jaka babu buta. Mai faɗin 240 da tsawon 210 yana ɗaukar manya uku a takure, biyu da kayansu a sake. A cire ɗaya daga abin da aka rubuta, a cire biyu idan za a yi kwanaki. Tsayinsa a tsakiya bai cika wuce santimita 130 zuwa 140 ba, ke nan ba a sallah a tsaye a ciki. A tanadi wani ɗan tamfol na daban saboda sallah da cin abinci. Nauyinsa kilo 4 zuwa 5, ya yi daidai da but ɗin mota ko bayan acaɓa, ya yi wa mai hawan Chappal Waddi shi kaɗai yawa sai dai a raba: ɗaya ya ɗauki sanduna da turaku, ɗaya yadi.

Inda ya gaza a ƙasarmu

Turakun da ke zuwa da shi don lallausar ciyawar Turai aka yi su, waya ce siririya mai tsawon kamu ɗaya. A kan marmara da tsakuwar Zariya da Jos, bugu biyu ta naɗe kamar ƙugiya. A yashin bakin tafki kuma ba ta da abin kamawa, iska kaɗan ta tuge ta. Mafita tana wurin mai walda: a yanka rodi mai milimita 8, tsawon santimita 30, a lanƙwasa kai a fiƙe gindi. Guda 12 za su yi kusan kilo ɗaya da rabi. Mai tafiyar ƙafa ya sayi ƙusa inci 6 ya sa wa kowace zoben ƙarfe irin na noti a wuya don igiya ta samu wurin tsayawa. A busasshiyar ƙasa ta fi wayar nesa ba kusa ba. Ana kafa turke a karkace, kai yana kallon waje, tsini yana nufar tanti. A kan falalen dutse inda ba a kafa komai, a ɗaura igiya a ƙaramin dutse, a danne igiyar da babba wanda sai da hannu biyu ake ɗaga shi. A yashi, a cika buhu ko leda mai kauri da yashin, a ɗaure, a binne.

Gindinsa ma bai san tsidau da ƙarangiya ba, bai san gara ba, wadda kan iya huda shi ta ƙasa a dare ɗaya idan an kafa a kan hanyarta. A share wurin da tsintsiya, a bi da tafin hannu, sannan a shimfiɗa tamfol. Tsohuwar banar siyasa ta leda tana wannan aiki sosai, ga ta kuma ba ta yankewa a garin nan. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne barin shimfiɗar ta leƙo waje. Ruwan da ya gangaro daga mayafi sai ya sauka a kanta ya bi ta ƙarƙashinka ya taru, ka kwana a kan kududdufi kana zagin tanti. A yanke ta ta gaza gindin da yatsa uku ta kowane gefe.

A iska, matsakaici ne, kuma rabin ƙarfinsa yana cikin igiyoyin gefe da mutane ke barin su a naɗe don ganda. Hadarin farkon damina daga gabas yake tasowa da guguwa a gabansa, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas. Saboda haka ƙofa ta kalli yamma ko kudu maso yamma, ƙeyar tanti ta karɓi duka. A ja igiya huɗu zuwa shida, kowace turkenta ya yi nisan taki ɗaya babba, a ja har mayafi ya daina taɓa ɗakin ciki. Duk inda suka haɗu, ta nan naso zai ratso. Idan mayafin na nailan ne ba foliyesta ba, yana saki in ya jiƙe, sai an sake jan igiya kafin a kwanta. Tsawa kuwa tanti ba ya kare kowa daga gare ta: kan dutse, tsakiyar fili, da gindin bishiya guda tilo duk ba wurin kwana ba ne idan hadari ya haɗu.

Zaɓen wuri a bakin ruwa ya fi sunan kamfanin tasiri. A ja baya taki 70 daga gaɓa, a hau ɗan tudu ko da na tsayin mutum biyu ne. Raɓa ta fi sauƙi a can, sauro ma haka, kuma bahaya da wanke-wanke ba za su koma ruwan da mutanen ƙauye ke sha ba. Kada a kafa a busasshen rafi komai laushin yashinsa, ruwan da aka yi a kan dutse da ba ka gani ba zai iya isowa cikin dare. Kada a tare burtali ko mashaya. A kogunan Gashaka akwai dorina, kuma da dare take fitowa kiwo ta hanyar da ta saba. Faffaɗar turba mai santsi da ta fito daga ruwa ba ta mutane ba ce. Kududdufan haƙar kuza na Jos suna da kyan gani, amma gaɓarsu a tsaye take kuma zurfinsu ba ya nunawa. Ruwan da ke kwance ba a wanka a ciki saboda tsargiya, na sha kuma a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, minti uku idan an haura mita 2,000, tunda ruwa a can yana tafasa kafin ya kai zafin da yake kaiwa a ƙasa.

Sanyi, a faɗi gaskiya, ba aikinsa ba ne. Yana tare iska, ya ƙara 'yan digiri kaɗan, shi ke nan. Ƙasa ce ke zuƙe ɗumin jiki, kuma tabarmar roba ba ta hana ta. Katifar iska ma sanyi take ɗauka. Abin da ke aiki shi ne shimfiɗar soso mai tauri wadda ba ta shan ruwa, kaurin santimita ɗaya, ko bargo biyu a ƙasa ɗaya a sama. Idan an samu jakar barci a dilar, masu kyau suna da lambobi uku na digiri. Ta farko ita ce ta barci cikin daɗi, ta ƙarshe ta tsira da rai ce kawai, kada a yi lissafi da ita. A shanya ta a rana kwana biyu saboda kuɗin cizo. Kurfoti, risho da tukunyar gas kuwa ba sa shiga tanti, komai sanyi, komai ruwa. Gawayi yana fitar da iskar nan marar launi marar wari da ke kashe masu kwana da janareta a ɗaki, kuma yadin da ke hana ruwa shiga shi ne ke hana ta fita. Foliyesta kuma narkewa yake yi ya manne a fata. Girki a yi shi taki huɗu daga tanti ta inda iska ke tafiya. Maganin sauro na kunnawa ma a waje, a kan faranti. Zif ya kasance a rufe dare da rana, takalma a ciki ko a zazzage su da safe, saboda kunama da kububuwa ba sa neman izini.

In aka jera shi da abokan takararsa, ɗan Sin mai buɗe kansa kyan ɗan maciji gare shi. Minti ɗaya ya tsaya, ya yi kyau a hoto, kuma ga mai kwana a tsakar gida da bazara ba shi da laifi. Amma rufinsa ɗaya, ɗinkinsa sau da yawa ba tef, mahaɗar sandunansa ta roba ce wadda in ta karye a daji babu gyara, mai zoben waya kuma in an naɗe shi faifai ne mai faɗi da iska ke fizga a bayan acaɓa. A bambanta shi da ainihin Quechua mai buɗe kansa, wanda yake da rufi biyu. Kwaikwayon siffar ya ɗauka ya bar aikin. Na tamfol ba ya jin ƙaya ba ya jin rana, telan unguwa zai gyara shi, amma ga nauyi, ga zafi kamar gidan burodi, ba raga, ba gindi. Inda tamfol ya yi fice shi ne a matsayin rumfa: mai faɗin mita 3 da tsawon mita 4 a ɗaure shi a kan igiya, kamu biyu sama da tantin. Yana rage zafin rana, yana karɓar dukan ruwa, yana kuma ƙara wa tantin shekaru, domin rana ita ce ajalin yadin nan. In babu rumfa kuma za a yi kwanaki a fili, a cire mayafi da hantsi a mayar da la'asar.

Kayan gyaran tafiya ba su cika aljihu ba: filaya ƙarama, salatif mai faɗi na yadi, guntun bututun alminiyom mai tsawon santimita 15 wanda sanda za ta shige, allura da zaren takalmi, guntun kyandir, tsohon buroshin haƙori. Sanda in ta tsage, a naɗe ta da salatif, a zura bututun ya rufe wurin, a sake naɗewa. Kan zif da ya saki a matse bayansa da filaya kaɗan-kaɗan, ana gwadawa; in aka matse da yawa ya fashe. Lambarsa tana bayansa, galibi 5 ko 8, masu gyaran jaka suna da shi. Ƙurar hunturu ita ke cinye shi, don haka a goge haƙoran da buroshi a shafa kyandir sama-sama. Basilin da man inji ƙura suke tarawa. Tef ɗin ɗinki da ya tashi a ɓare shi gaba ɗaya, a goge wurin, a bi da gam ɗin ɗinkin tanti irin Seam Grip, wanda bututu ɗaya na giram 28 ke rufe kusan mita 3 da rabi, a bar shi ya kwana a buɗe. Sufa-gulu bushewa yake yi ya yi tauri ya tsage yadin. Sabon lastik na sanda a yanke shi kusan kashi uku cikin huɗu na tsawon sandar. Duk wannan a yi shi a gida, a kafa tantin a tsakar gida a yi masa ruwa da tiyo ko bokitin ban-ruwa na minti goma, wani yana ciki yana nuna inda ke ɗiga. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai abin da tanti mai tsada ma ba ya sayo wa mutum, wato izini da tsaro. A bakin dam ɗin Jami'ar Ahmadu Bello da ke kan rafin Kubanni sai da yardar hukumar makaranta, a ƙauye kuma a fara gaida mai unguwa ko dagaci kafin a sauke kaya. Gashaka-Gumti, wanda aka mayar gandun ƙasa a 1991 kuma ya fi kowane girma a Najeriya, ana shigarsa ta ofishinsa na Serti, a kan hanyar Jalingo zuwa Bali zuwa Gembu, tare da ma'aikacin gandu; daga Zariya a ware kwana biyu a hanya, a kuma nufi tsakanin Disamba da Maris lokacin da koguna ke ƙetaruwa. Dajin Kamuku na Birnin Gwari ya fi kusa da mu, amma halin rashin tsaron da yankin ya shiga ba ɓoyayye ba ne, ba wurin gwada tanti ba ne.

Idan an dawo, ko da ba a ga ɗigon ruwa ba, a kafa shi a inuwa ya sha iska yini guda, a juya gindinsa sama shi ma ya bushe. Laka a goge ta da soso da ruwa zalla. Omo da injin wanki suna kankare robar. A cire turakun rodi a sa su jaka daban don kada tsatsa ta ci yadi. Sannan kada a matse shi cikin jakarsa a jefa a siton kwano: a naɗe shi sako-sako a cikin tsohuwar rigar matashi ko buhun yadi, a rataye a ɗakin da ba ya zafi, inda ɓera ba zai kai ba.